Filin Tambayoyinku: Ɗalibin da Ya Firgita, Me Makaranta Za Ta Yi Masa?

Wasiƙun wannan wata kusan duk daga malaman makaranta suka fito, kuma bakinsu ɗaya: yaro ya gamu da tashin hankali, ya dawo aji ba yadda aka san shi ba. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su, mun cire duk abin da zai sa a gane yaran.

Tambaya: Ina koyar da aji huɗu na firamare. Wata ɗalibata 'yar shekara 9, gobara ta cinye gidansu da dare, yau mako uku ke nan. Ba wanda ya rasu. Amma yarinyar da a da bakinta ba ya rufuwa, yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Ran nan iska ta buga ƙofar aji, kafin in waiwayo ta shige ƙarƙashin benci ta toshe kunnuwa. Abokiyar aikina ta ce in zaunar da ita ta ba ni labarin daren daga farko har ƙarshe, wai ta amayar da abin da ke cinta. In yi?
— Malamar firamare

Amsa: Kada ki yi, Malama. Abokiyar aikinki da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma akwai lokacin da masana ma haka suke yi: a tara waɗanda masifa ta rutsa da su, kowa ya zayyana abin da ya gani a zama guda. Daga baya bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon ɗorewa, wasu ma fama musu mikin yake yi. Shi ya sa littafin agajin farko ga masu firgici da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya hana a matsa wa mutum sai ya ba da labari. In ita ta buɗe baki don kanta, ki saurara, kada ki katse ta, kada ki tono. Inda ta tsaya, ke ma ki tsaya.

Ga abin da ke faruwa a jikinta. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari sai ya kaɗa ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adiranalin da kotisol, zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarce, mutum ya shirya wa ɗayan uku: gudu, faɗa, ko daskarewa. Bayan babban firgici, maigadin nan kan koma mai zargin kowa. Ƙarar ƙofa, ƙaurin shara da ake ƙonawa a bayan aji, ihun yara a fili, duk gobara yake ɗaukar su. Yana kaɗa ƙararrawa kuwa, sashen goshi na ƙwaƙwalwa, mai lissafi da riƙe darasi, sai ya ja da baya. Saboda haka in kin ce "me na faɗa yanzu?" ta yi miki zuru, ba taurin kai ba ne. Jikinta ne a aji, hankalinta yana can.

A mako uku wannan bai zama cuta ba tukuna. Yawancin yara kan farfaɗo cikin makonni in sun sami natsuwa a gida da makaranta. Natsuwar ce aikinki, kuma ƙananan abubuwa ke kawo ta. Ki sa a tokare ƙofar nan da dutse ko a yi mata ƙugiya, yau ɗin nan. Ki tambaye ta inda take son zama. Galibi irinsu sun fi son inda suke hangen ƙofa, kusa da ƙawa ɗaya mai sanyin hali. Ki riƙa rubuta tsarin yini a gefen allo, kuma in wani abu zai sauya, baƙon malami ne ko gwaji, ki raɗa mata tun da safe. Ba-zata ita ce abokiyar gabarta.

Ku yi wata alama tsakaninku biyu, misali ta ɗora jan murfin biro a kan benci. Ma'anarsa tana neman fita ta huta, a wurin da kika sani, inda wani babba ke ganinta. Minti 5 zuwa 10, sannan ta dawo. A nan ake yawan kuskure don tausayi: a bar yaro ya wuni a waje ko a ce ya zauna a gida har ya warke. Duk abin da aka guje masa don tsoro, tsoronsa ƙaruwa yake, sai ki wayi gari ajin ma ya gagare ta shiga.

In ta sake shigewa ƙarƙashin benci, kada ki jawo ta, kada ki taɓa ta ba ta sani ba, kada ki bari yara su yi mata zobe. Ba sauran aji aiki, ki durƙusa daidai tsayinta daga gefe, ki sassauta murya, ki kira sunanta: "Ƙofa ce iska ta buga. Kina aji huɗu. Ga ni nan." Sai ku yi numfashi tare: ta shaƙa ta hanci kina ƙirga 4, ta fitar ta baki a hankali kina ƙirga 6, kamar sau 5 zuwa 10. Fitarwar ce mai aikin, ita ke rage bugun zuciya. Cewa "ja numfashi da ƙarfi" kuwa haki yake jawowa, jiri ya biyo baya. In ta ɗan sauka, ta lissafa miki abu 5 da take gani, 4 da take taɓawa, 3 da take jin ƙararsu. Ki koya wa ajin gaba ɗaya wannan numfashi, minti 2 kowace safiya, don abin da ba a koya cikin kwanciyar hankali ba ba ya zuwa a lokacin ruɗewa, kuma ba wanda zai ce don ita ake yi.

Aikin aji ki rage, kada ki ɗauke. Lissafi 10 ya koma 5, umarni ɗaya a lokaci guda. Ki tambayi iyayenta barcinta. Mai shekarunta tana buƙatar awa 9 zuwa 12 a dare. In wata guda ya wuce tana nan da munanan mafarkai, zabura, gudun duk abin da ya shafi wuta, ko abin yana gaba maimakon baya, ko ta koma fitsarin kwance, ki gaya wa iyayen su kai ta asibiti. Ciwon firgici mai ɗorewa bayan masifa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, sai alamunsa sun haura wata ɗaya ake kiran sa haka, kuma likita ne mai faɗa, ba malami ba.

Tambaya: Ni ke kula da ladabtarwa a wata sakandare. Muna da yaro ɗan shekara 15 da suka yi haɗarin mota da mahaifinsa a zangon da ya wuce, uban ya rasu a gabansa. Tun daga nan ba ya mako bai yi dambe ba, yana zagin malamai, yana ficewa daga aji. Mun yi bulala, mun kore shi na mako biyu, ya dawo ya fi da. Malamai na cewa in aka ɗaga masa ƙafa zai lalata sauran.
— Mataimakin shugaban makaranta

Amsa: Malam, malamanka suna da gaskiya a rabin maganar. Doka ba ta faɗuwa don yaro yana cikin baƙin ciki, kuma yaron da duniyarsa ta rushe ya fi kowa buƙatar ya san iyaka tana nan inda take. Abin sauyawa shi ne irin hukuncin da lokacin yin sa. Jikin yaron nan a shirye yake kullum yana jiran hari, bulala kuwa tabbatar masa take yi cewa harin gaskiya ne. Kora kuma ta raba shi da abu ɗaya da ya rage masa mai tsari, karatu ya wuce shi, ya dawo da kunya a kan fushi. Sashe na 28 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ce horon makaranta ya kiyaye mutuncin yaro, amma ko ba don wannan ba, kai da kanka ka ga sakamakon.

Kafin komai, tunda yana cikin motar, a tambayi mahaifiyarsa ko an duba kansa. Buguwar kai kan sauya hali, ta kawo saurin fushi, ciwon kai da mantuwa, kuma sau da yawa ba a lura in babu jini a waje. A kuma sa ido ko ya fara shaye-shaye don ya sami barci.

Sannan ku ɗauki takarda ku ja mata gida huɗu: rana da lokaci, abin da ya faru daf da ya tashi, abin da ya yi, abin da aka yi masa. Duk malamin da abin ya faru a hannunsa ya cike layi ɗaya. Mako biyu ya isa ku ga zaren. Wataƙila kullum a darasin malami mai tsawa ne, ko in an dafa shi ta baya, ko ranar da aka raba fom mai neman sunan uba da sana'arsa, ko aka ce gobe kowa ya zo da mahaifinsa. Baƙin cikin saurayi sau da yawa ta ƙofar fushi yake fitowa. In kun gano abin da ke kunna shi, rabin rigimar ta ƙare tun ba ta fara ba.

In ya riga ya hau, mutum ɗaya ne zai yi masa magana, daga nisan taku biyu, ba a tare masa ƙofa ba. A bar zancen "kalle ni in ina magana". A ba shi zaɓi biyu gajeru: "Ka zauna, ko ka je ka tsaya a baranda, zan same ka." A ba shi minti 20 zuwa 30 jikinsa ya sauka, don nasiha a wannan hali zuba ruwa ne a kwando. Bayan nan, a keɓe, tambaya uku: me ya faru, wa abin ya taɓa, yaya za ka gyara? Hukuncin ya yi kama da laifin. Ya fasa, ya gyara. Ya zagi mutum, ya ba shi haƙuri. Ya tsallake aiki, ya zauna ya yi shi. In dole sai an raba shi da aji, ya yi zaman a cikin makaranta da littafinsa a gabansa.

Abu mafi nauyi shi ne a sama masa babba ɗaya. Cibiyar nazarin ci gaban yara ta Jami'ar Harvard ta ce abin da aka fi samu a tare da yaran da suka tsallake wahala shi ne aƙalla babba ɗaya tsayayye da bai sake su ba. Ba muƙami ake dubawa ba, wanda yaron ke sakin jiki da shi ake nema, ko malamin wasanni ne ko mai kula da ɗakin karatu. Ya riƙa hira da shi minti 2 kullum, kwana 10 a jere, a kan abin da yaron ke so, ban da laifinsa, ban da makinsa. Abu biyu ke kashe wannan dabara: malamin ya mayar da minti biyun wa'azi, ko ya yi zuciya a rana ta huɗu don yaron ya share shi. Zai share shi ɗin. Gwaji ne yake yi, ya ga ko wannan ma tafiya zai yi.

Tambaya: Ɗalibata ta rasa mahaifiyarta, za ta dawo mako mai zuwa. In sanar da aji?
— Malamin aji

Amsa: Ka fara tambayar ita da mutanen gidansu abin da suke so a faɗa. In sun yarda, ka gaya wa aji kwana ɗaya kafin ta dawo, a jimla biyu, ba tare da bayanin yadda aka yi ba. Ga ƙananan yara ka ce ta rasu kai tsaye. In ka ce ta yi tafiya, jiran dawowarta za su yi. Kada a tsayar da ita a gaban taron makaranta. In ta yi kuka, a bar ta ta yi. Ka rubuta ranar rasuwar a littafinka, ka kuma yi mata gargaɗi kafin darasin da ya shafi iyali. Makon farko kowa yana lallaɓa ta. Wahalar tana zuwa ne bayan wata ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya manta.

Tambaya: Wata yarinya 'yar shekara 13 ta gaya mini wani babba a gidansu yana taɓa ta ta hanyar da ba ta dace ba. Sai da ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, na kuma yi. Yanzu na rasa yadda zan yi.
— Wata malama

Amsa: Wannan alkawari ba mai riƙuwa ba ne, Malama, kuma yau za ki warware shi, amma ba a bayan idonta ba. Ki same ta a keɓe ki ce: "Na yi kuskure da na yi miki alkawarin nan. Abin da kika faɗa ya fi ƙarfin mu biyu. Zan gaya wa mutumin da aikinsa kare yara ne, zan kuma faɗa miki ko wane ne." Za ta iya yin fushi. Ki ƙara mata da magana uku: na yarda da ke, ba laifinki ba ne, kin yi daidai da kika faɗa.

Kada ki zama 'yar sanda. Tambaya irin "wane ne ya yi miki kaza, ko?" cusa wa yaro amsa take yi, kuma tana iya rushe shari'a daga baya. Kada ki duba jikinta. Ki rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, ba da naki gyaran ba, ki sa kwanan wata da lokaci, ki sa hannu, a kulle takardar. Ki kai wa shugaban makaranta ko wanda aka ɗora wa kare yara a yau, shi kuma ya sanar da hukumar da dokar ƙasarku ta tanada. Kada a tunkari wanda ake zargi, kada kuma a yi gaggawar kiran gida kafin a yi shawara da hukumar, tunda a gidan yake. Tambayar da ke gaban komai ita ce: ina za ta kwana yau cikin aminci?

Akwai kuma agogo da ke tafiya. In abin ya kai ga fyaɗe, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana shan sa kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin awa 120. Ko lokacin ya wuce, a kai ta asibiti. A kiyaye kada a sa ta maimaita labarin ga mutum biyar, kuma kada zancen ya shiga ɗakin malamai.

Tambaya: Ina duba littafin wani ɗalibi sai na ga ya rubuta a bangon baya, "gara in mutu in huta". Ina tsoron in na tambaye shi in tuna masa abin da bai yi niyya ba.
— Malamin lissafi

Amsa: Tambaya ba ta dasa wannan tunani, an yi bincike a kai an tabbatar. Shirun ne haɗari. Ka keɓe shi yau ka ce: "Na ga abin da ka rubuta. Kana tunanin kashe kanka ne?" Da waɗannan kalmomi, ba kewaye-kewaye. In ya ce e, ka riƙe fuskarka, ka tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi, ko abin yana hannunsa, ko ya taɓa gwadawa. In ɗaya daga ciki e ne, ba a barin sa shi kaɗai ko na minti ɗaya, a kira iyayensa, a kai shi asibiti a ranar. A gaya wa iyayen su kulle magunguna, maganin ƙwari da makami. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙuncin da ke kai mutum ga aikatawa sau da yawa gajere ne, in abin bai kusa da hannu lokacin kan wuce. In ya ce a'a, ko tunani ne kawai ba shiri, duk da haka iyaye su sani, a kuma haɗa shi da likita. Ban da kunyatarwa, ban da sa shi ya rubuta alkawarin ba zai yi ba, takarda ba ta tsare rai. Washegari ka neme shi, sannan kowane mako.

Tambaya: Makarantarmu tana da ɗalibai kusan 900, ba mu da malamin ba da shawara ko ɗaya. Daga ina za mu fara?
— Shugaban makaranta

Amsa: Ranka ya daɗe, ka fara da sanin girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, wato a aji mai mutum 42, kamar 6. Wani babban bincike da aka yi a Amurka tsakanin 1995 da 1997 a kan manya fiye da 17,000 ya gano kusan kashi biyu cikin uku sun gamu da aƙalla nau'i ɗaya na cin zarafi ko rikicin gida suna yara. Yawancin yaran nan ba za ka taɓa sanin su da suna ba. Don haka aikin farko na kowa da kowa ne, kuma ba ya cin kuɗi: jadawalin da ba ya sauyawa barkatai, malami ya tsaya a ƙofa ya gaida yara da sunayensu, a daina tsawa da tozartawa a gaban jama'a, a sa babba yana zagaya banɗaki da lungunan da ake cin zali lokacin tara. Masu cewa wannan cin lokacin karatu ne, a nuna musu nazarin da aka wallafa a 2011 a kan shirye-shirye 213 na koya wa ɗalibai sarrafa zuciya da zama da mutane: matsayin yaran a karatu hawa ya yi, da maki 11 a ma'aunin ɗari.

Sai ka naɗa mutum uku, aƙalla mace ɗaya, su riƙa zama minti 30 kowane mako a kan yaran da aka damu da su: wa ke bin wane, me aka yi, yaushe za a sake dubawa. Ka taka da ƙafarka zuwa asibiti mafi kusa mai duba ƙwaƙwalwa da ofishin kare yara tun buƙata ba ta taso ba, ka dawo da takarda ɗaya mai ranakun ganin likita da lambobin waya. Ranar tashin hankali ba ranar neman lamba ba ce.

Ga 'yan kaɗan masu buƙatar ƙari, akwai tsare-tsaren da aka gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da shirin koya wa yara shawo kan damuwa mai suna EASE, na 'yan shekara 10 zuwa 15, zama 7 na yara a rukuni da zama 3 na iyaye, wanda ba likita ba ma yana iya gudanarwa in ya sami horo da mai duba aikinsa. Wani shirin kuma na yaran da suka firgita, mai suna CBITS, wanda aka fara a makarantun Los Angeles, zama 10 ne a ƙaramin rukuni, amma ƙwararre yake buƙata. Kada a ɗauki littafin irin waɗannan a miƙa wa malami a ce ya fara gobe.

Kuskure biyu muke so ka kauce wa. Na farko, raba wa ɗalibai 900 takardar tantance damuwa alhali ba ka da inda za ka tura waɗanda ta zaƙulo. Ka buɗe miki ne ba magani a hannu. Na biyu, jibga wa malama ɗaya mai tausayi duk yaran da ke da matsala. Mai yawan sauraron labarin firgici shi ma yana kamuwa: barci ya ƙaurace, fushi ya yi sauri, ko zuciya ta bushe. Kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da yara 3 ko 4 a lokaci guda, kuma a zaman nan na mako, a ware minti 5 na ƙarshe a tambayi su malaman yadda suke barci.